Suna da Siffa: Tarihin Tsuntsun Tagulla na Brancusi da Shari'ar Kwastan ta 1927-1928

1.0 Gabatarwa

A watan Oktoba na 1926 wani jirgin ruwa mai suna Paris ya sauke kayan sassaƙa kimanin 20 a tashar birnin Niyok ta Amurka, aikin wani masassaƙi ɗan asalin Romaniya mazaunin Faris, Constantin Brancusi. A cikinsu akwai wani zubin tagulla siriri, mai tsawon kusan ƙafa 4 da rabi, mai sheƙi kamar madubi, wanda mai shi ya raɗa wa suna L'Oiseau dans l'espace, wato Tsuntsu a Sarari. Ba shi da fiffike, ba shi da gashi, ba shi da ƙafafu. Jami'an kwastan suka dube shi suka ce wannan ba tsuntsu ba ne, ƙarfe ne da aka sarrafa, don haka sai an biya masa haraji. Wannan saɓani ya kai ga kotu.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin tunanin da ya haifar da wannan zubi, da nuna cewa abin da aka yi jayayya a kansa a kotu shi ne dangantakar suna da abin da aka raɗa wa sunan. An yi amfani da kalmomin "sassaƙa mara kwaikwayo" don nufin aikin da bai damu da fito da kamannin abu yadda ido ya saba ganinsa ba, sai dai manufar da ke bayan abin. Tagulla kuwa ana nufin gaurayen jan ƙarfe da kuza ko makamancinta, wanda ake narkawa a zuba a mazubi.

2.0 Daga Ƙauye zuwa Faris

An haifi Brancusi a 1876 a ƙauyen Hobita, kusa da garin Targu Jiu a kudu maso yammacin Romaniya. Yanki ne na manoma da suka gwanance da sassaƙar itace, suna ƙawata ƙyauren gida da ginshiƙan shirayi da zane-zane masu maimaita kansu. Ya yi karatun sana'a a Craiova, sannan ya shiga makarantar zane da sassaƙa ta Bukares, inda ya ƙware wajen fito da jikin ɗan'adam gaɓa da gaɓa. Wannan batu yana da muhimmanci, domin ya nuna cewa barin kwaikwayo da ya yi daga baya zaɓi ne, ba gazawa ba.

Ya isa Faris a 1904. A 1907 ya sami shiga ma'aikatar Auguste Rodin, babban masassaƙin Faransa na wancan zamani, amma bai daɗe ba ya fita. An ruwaito cewa dalilin da ya bayar shi ne babu abin da ke girma a ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa. Hanyar Rodin ita ce ya ƙera siffa da yumɓu, ma'aikata su juya ta zuwa dutse ko tagulla, kuma fuskar aikinsa cike take da tudu da kwari. Brancusi ya bi akasin haka. Ya koma sassaƙa dutse da hannunsa kai tsaye, yana rage duk abin da ya ga ba dole ba ne.

3.0 Tushen Tunanin

Ana iya kasa abubuwan da suka ciyar da tunanin tsuntsun gida huɗu.

3.1 Tatsuniya

Tsuntsun farko da Brancusi ya sassaƙa, tsakanin 1910 da 1912, ya kira shi Maiastra. Sunan wata tsuntsuwa ce ta tatsuniyoyin Romaniya, mai gashin zinariya da murya mai ban al'ajabi, wadda takan taimaki gwarzon labari. Ke nan tun daga farko ba wani tsuntsun daji ya kalla ya kwaikwaya ba. Tsuntsuwar da ya fara da ita ba ta da mazauni sai a cikin harshe da labari. Har ila yau, wasu masana sun danganta tsuntsayensa da al'adar wasu ƙauyukan Romaniya ta kafa ginshiƙin itace a kan kabari, a ɗora masa sassaƙen tsuntsu a matsayin alamar rai.

3.2 Falsafa

Waɗanda suka san shi sun ambaci sha'awarsa ga Aflatun, wanda ya koyar da cewa abubuwan da ake gani inuwa ce kawai ta wata haƙiƙa da ba ta sauyawa. Sun kuma ambaci yawan karatunsa na tarihin Milarepa, wani mai zuhudu na ƙasar Tibet. Daga nan ne matsayin da aka san shi da shi ya fito, wato gaskiyar abu tana cikin ainihinsa, ba a fatarsa ta waje ba. Shi ya sa bai yarda a kira aikinsa rabuwa da zahiri ba. A ganinsa, abin da ya zuba ya fi hoton tsuntsu mai gashi kusa da gaskiya, domin abin da yake nema shi ne tashin, ba mai tashin ba.

3.3 Zamanin Inji

Brancusi ya rayu a lokacin da jirgin sama ke jariri. Mai zane Fernand Léger ya ba da labarin wata ziyara da suka kai, shi da Brancusi da Marcel Duchamp, wani baje kolin jiragen sama a Faris kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda Duchamp ya tsaya gaban wata farfela yana tambayar ko akwai mai fasahar da zai iya yin abin da ya fi ta. Duk wanda ya kwatanta lanƙwasar farfela da ta Tsuntsu a Sarari zai ga kusancin. Wannan kusanci ne kuma ya jawo wa aikin matsala a hannun kwastan, domin ya yi kama da abin da aka fitar daga masana'anta.

3.4 Tagulla da Haske

Yawancin tsuntsayen an fara sassaƙa su ne da dutsen mabul, sannan a ɗauki samfurinsu da filasta a kai wa masu zubi. Abin da ke fitowa daga mazubi ɗanye ne, mai kaushi da ƙananan ramuka. Brancusi yakan karɓe shi ya yi ta gyara da magagari, ya goge, ya sake gogewa, har fuskar ta zama madubi. Masassaƙan da suka gabace shi sukan rina tagulla ta yi duhu ko kore. Shi kuwa ya bar ta da launin zinariya. Dalilin shi ne idan haske ya faɗa a kanta, ido ba ya iya tantance iyakar ƙarfen, sai abu mai nauyi ya zama kamar ba shi da nauyi. Ta haka kayan aikin kansa ya shiga cikin ma'anar aikin.

4.0 Yadda Tsuntsun ya Rasa Gaɓoɓinsa

Idan aka jera tsuntsayen bisa shekarunsu, za a ga ragi daki-daki. Maiastra tana da ƙirji a kumbure, da wuya, da kai, da baki a buɗe, duk mai kallo zai gane tsuntsuwa ce. A Tsuntsun Zinariya na 1919 zuwa 1920, jiki ya miƙe, kai da wuya sun haɗe, baki ya koma ɗan tsagi yana fuskantar sama. A Tsuntsu a Sarari, wanda na farkonsa ya fito a 1923 da dutsen mabul, bakin ma ya ɓace, sai ɗan yanka a karkace a can ƙoli, jikin kuma ya tsaya a kan wata siririyar ƙafa mai kama da tsinin mashi. An san guda 16 na wannan siffa, 7 na mabul, 9 na tagulla, kuma kowane ya ɗan bambanta da ɗan'uwansa a tsawo da kauri.

Abin lura a nan shi ne, yayin da gaɓoɓi ke raguwa, nauyin da ke kan sunan yana ƙaruwa. Maiastra ba ta buƙatar a faɗa wa mai kallo ko mece ce. Tsuntsu a Sarari kuwa sunansa ne ke jan mai kallo zuwa inda mai aikin yake so ya kai shi. Hausawa na cewa suna linzami ne.

5.0 Shari'ar

Tun daga 1913 dokar Amurka ta yafe haraji ga ayyukan fasaha na asali, kuma cikin waɗanda suka yi fafutukar samun wannan sassauci akwai lauya John Quinn, wanda ya tara ayyukan Brancusi da yawa kafin rasuwarsa a 1924. Dokar haraji ta 1922 ta ci gaba da wannan yafiya. Sai dai akwai hukuncin wata kotu na 1916, a shari'ar Olivotti, da ya fassara sassaƙa da cewa kwaikwayon halittu ne, musamman ɗan'adam, bisa ma'auninsu na gaskiya. Da wannan ma'auni kwastan suka auna tsuntsun, suka sa shi cikin kayan ƙarfe da ake biya wa kashi 40 cikin 100 na farashinsu. Kuɗin ya haura dala 200. An saki kayan na ɗan lokaci domin a nuna su a ɗakin baje koli na Brummer, amma a ƙarƙashin rukunin kayan girki da na asibiti.

Mai ɗaukar hoto Edward Steichen ne ya sayi wannan tsuntsu, kuma shi ne babban mai shaida da aka fara sauraron ƙarar a Kotun Kwastan a watan Oktoba na 1927. Tambayoyin da aka yi masa kusan duk a kan suna suke. An tambaye shi me ya sa ya kira shi tsuntsu, da ko zai kira shi haka in da ya tsince shi a titi ba tare da an gaya masa sunansa ba, da ko zai harbe shi in ya gan shi a daji. Ya amsa cewa bai yi kama da tsuntsu ba, amma yana jin tsuntsu ne, kuma haka mai aikin ya kira shi.

Masassaƙi Jacob Epstein, wanda shi ma ya tsaya wa Brancusi, an tambaye shi ko wani ƙwararren ma'aikacin ƙarfe ba zai iya goge sandar tagulla ya fitar da irin wannan ba. Ya ce zai iya gogewa, amma ba zai iya ƙago siffar a zuciyarsa ba. A ɓangaren gwamnati, masassaƙa biyu masu bin tsohuwar hanya, Robert Aitken da Thomas Jones, suka ce wannan ba aikin fasaha ba ne. Brancusi bai halarci zaman ba. Ya ba da shaidarsa a ofishin jakadancin Amurka da ke Faris, inda ya bayyana matakan aikin tun daga samfurin filasta har zuwa gogewar ƙarshe da ya yi da hannunsa.

A watan Nuwamba na 1928 Mai Shari'a Waite ya yanke hukunci. Ya ce an sami wata sabuwar mazhaba ta fasaha wadda mabiyanta ke ƙoƙarin nuna manufofi maimakon kwaikwayon halittu, kuma ko kotu na son wannan hanya ko ba ta so, dole ta yi la'akari da samuwarta. Ya amince cewa da wuya a danganta abin da tsuntsu, amma yana da kyan tsari, yana da daɗin kallo, kuma aikin asali ne na ƙwararren masassaƙi. Saboda haka ya cancanci shiga ba tare da haraji ba.

6.0 Abin da Shari'ar ta Bari

A shekarar da aka yanke hukuncin Olivotti, wato 1916, aka buga darussan Ferdinand de Saussure, waɗanda suka kafa ra'ayin cewa babu wata alaƙa ta dole tsakanin lafazin kalma da ma'anarta, sai yarjejeniyar masu harshe. Kwastan sun nemi siffa ta gaskata sunanta ta hanyar kama. Hukuncin Waite bai ce tsuntsun ya yi kama da tsuntsu ba. Ya dogara ne a kan shaidar jama'ar da suka san wannan fage, cewa a tsakaninsu kalmar "sassaƙa" ta faɗaɗa. Wato kotu ta bi amfanin masu magana, ta bar tsohuwar fassarar da ke rubuce.

Duk da haka, ba daidai ba ne a ce alaƙar sunan da siffar yarjejeniya ce zalla. Da an kira zubin kifi ko sanda, da miƙewarsa zuwa sama da kumburin ƙirjinsa sun ƙaryata sunan. Abin da ya rage a jikinsa na tsuntsu kaɗan ne, amma ya isa ya riƙe sunan idan an furta shi.

Brancusi ya ci gaba da wannan neman tashi a wani ƙarfen daban. A 1938 aka kammala Ginshiƙi Mara Iyaka a Targu Jiu, don tunawa da sojojin Romaniya da suka kare garin a 1916. Zubin baƙin ƙarfe ne, tsawonsa kusan mita 30, an jera shi gaɓa a kan gaɓa, 15 cikakku da rabi biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, domin ido ya ɗauka jerin bai ƙare ba. Siffar gaɓoɓin tana tuna wa mai kallo ginshiƙan itace na ƙauyukan yankin. A 2024 hukumar UNESCO ta sa wannan ginshiƙi da sauran ayyukansa na garin cikin jerin kayan tarihi na duniya.

7.0 Kammalawa

An nuna a wannan maƙala cewa Tsuntsu a Sarari ya tsiro ne daga tatsuniyar Romaniya, da falsafar ainihin abu, da siffofin zamanin inji, da kuma halin tagulla idan an goge ta. An kuma nuna cewa ragin da aka yi wa siffar tsakanin 1910 da 1923 ya mayar da sunan wani sashe na aikin, har ta kai sai da kotu ta duba ma'anar kalmar "sassaƙa" kafin ta san harajin da za a biya. Brancusi ya rasu a Faris a 1957, bayan ya yi wasiyyar barin ɗakin aikinsa da duk abin da ke ciki ga ƙasar Faransa.