Satar Kalmar Sirri: Daga Wasiƙar 419 Zuwa Manhajar Haya

Satar kalmar sirri ta imel sana'a ce da ta tsiro daga tsohuwar damfara. A shekarun 1980, ƴan 419, waɗanda suka samo suna daga sashe na 419 na kundin laifuffukan Najeriya, wasiƙa suke aikawa ta gidan waya, kuma sai sun sha fama da lallashi kafin mutum ya saki kuɗinsa. Da intanet ta shigo, harkar ta koma gidajen kafe, aka fara jin sunan ƴan Yahoo.

Babban sauyi ya zo a 2007 da manhajar Zeus, wadda ke laɓewa cikin kwamfuta tana naɗe duk abin da aka buga. A 2011 asirin ƙirarta ya fallasa, masu kwaikwayo suka yi caa. Agent Tesla ta fito a 2014, RedLine a 2020, Lumma a 2022. Galibi hayarsu ake bayarwa wata-wata, kamar shago, don haka ɓarawo ba sai ya ƙware a kwamfuta ba. Manhajar kan shigo cikin rasit na bogi da aka maƙala wa saƙo, ko cikin manhajar sata da aka sauke kyauta. Nan take sai ta kwashe kalmomin sirrin da aka adana, ta tura wa maigidanta, shi kuma ya sayar da su a dunƙule.

Afirka ta Yamma ta shiga kasuwar da ƙafar dama. A Nuwamba 2020, Interpol da ƴan sandan Najeriya suka kama mutum 3 a Legas. A Disamba 2021 aka ƙara kama 11, kuma a kwamfutar ɗayansu an tarar da bayanan shiga sama da 800,000. Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane a 2017, sai dokar hukunta laifukan intanet a 2019.

A Tawa da garuruwan Adar irin su Kalfu, inda ci-rani zuwa Abijan da Libiya ya daɗe da zama al'ada, haɗarin yana da nasa salo. Mutane da yawa ba su ma san suna da imel ba: mai shagon waya ne ya buɗe musu Gmail ranar da suka sayi wayar, ya rubuta kalmar a guntuwar takarda, da imel ɗin kuma aka buɗe Facebook. Wanda ya mallaki imel ɗin yana iya sauya makullin sauran, ya rubuta wa ɗan'uwa da ke ƙetare da sunan mai asusun cewa Inna ba lafiya, a turo kuɗin magani.

Tabbatarwa mai mataki biyu tana rage ɓarnar, amma ba ta kawar da ita ba, domin sababbin manhajojin har shaidar shigar da na'ura ke riƙewa suke sacewa. Sauya kalma a kan na'urar da ta kamu aikin banza ne. Sai an fara wanke ta, sannan a fitar da duk na'urorin da ke cikin asusun.