Wake da ƙwaronsa: tarihin gubar da ba ta gama aiki ba

A karkarar Zakirai, hedikwatar ƙaramar hukumar Gabasawa, gona tana manne da gona, kuma da wuya a ga fili da aka bari ya huta. Manomi yana shuka wake a tsakanin kunyoyin gero da dawa, ya samu na tukunya, ya samu na kai wa kasuwa, harawar kuma ta ciyar da dabbobinsa da rani. Sai dai ribar wake tana hannun mai iya ajiye shi har ya yi tsada, kuma a nan ƙwaron wake yake shiga lissafi. Macen tana manna ƙwanta a jikin ƙwayar, tsutsar ta huda ta shiga ciki, cikin makonni uku zuwa huɗu ta fito da fukafukai. Buhun da aka ɗinke da kaka yana iya komawa gari kafin bazara.

Tsiro ba ya iya gudu, saboda haka da sinadari yake kare kansa. Tumfafiya misali ce da kowa ya sani: farin ruwanta yana ɗauke da guba mai taɓa bugun zuciya. Duk da haka akwai farar tumfafiya, wadda ke cin ganyen ta tara gubar a jikinta, ta kuma fesa wa duk abin da ya kama ta. A 1967 wasu masana, ciki har da Tadeus Reichstein da Miriam Rothschild, suka tabbatar da cewa gubar da ke jikin irin wannan fara daga abincinta take samo ta. Makamin da tsiro ya ƙera ya koma garkuwar mai cin sa.

Wake ma yana da nasa makamin, ko da yake bai kai na tumfafiya zafi ba. A cikin ƙwayarsa akwai sinadarai masu toshe aikin ruwan narkar da abinci a cikin hanjin ƙwaro. Cibiyar IITA, wadda aka kafa a Ibadan a 1967, ta gwada dubban nau'o'in wake a shekarun 1970, ta gano guda ɗaya mai lamba TVu 2027 wanda tsutsar ba ta girma a cikinsa yadda ta saba. A 1979 masu bincike a Jami'ar Durham ta Ingila suka danganta wannan juriya da yawan sinadarin da ke hana narkewar furotin. A 1987 aka ɗauko ƙwayar halittar da ke samar da sinadarin daga wake aka dasa ta a ganyen taba, tabar kuma ta ƙara juriya ga tsutsotsi. Wannan yana cikin gwaje-gwajen farko na irinsa a duniya.

Amma ƙwaron wake bai bi lissafin ba. Bincike na baya ya nuna cewa mafi yawan ruwan narkarwar da ke hanjinsa na wani jinsi ne dabam, wanda sinadarin waken bai cika toshewa ba. Idan kuma aka ciyar da shi wani abin da ke toshe nasa, sai ya ƙara yawan ruwan, ko ya sauya zuwa wanda ya fi ƙarfin toshewar. A ɗakin gwaji an ga ƙwari suna sabawa da TVu 2027 bayan 'yan zuriyoyi kaɗan.

Manoma da 'yan kasuwa ba su jira masana ba. Kakanni sun yi amfani da toka da yashi da barkono a rumbu. Da magungunan feshi suka yi arha, sai aka koma zuba su kai tsaye a cikin buhu. Sakamakon ya fito fili a 2015, lokacin da Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan sinadarin dichlorvos da aka samu a cikinsa. Gubar da aka nufi ƙwaro da ita ta ƙare a kwanon mai saye.

Mafitar da ta fi ɗorewa ba ta ƙunshi guba ba. Buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007, leda biyu ne masu kauri a cikin buhun saƙa. Ƙwarin suna shaƙe iskar da ke ciki, su daina ci, su bushe su mutu.

A gona kuwa an koma ga dabarar guba. A Disamba 2019 aka amince da irin SAMPEA 20-T na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, wanda ke ɗauke da furotin daga wata ƙwayar cuta ta ƙasa mai kashe tsutsar da ke huda fure da kwanso. Ba a yi shi don ƙwaron rumbu ba. Tarihin TVu 2027 ya nuna haɗarin da ke gabansa: idan kowace gona ta zama iri ɗaya, tsutsotsin da suka jure su ne za su hayayyafa. Shi ya sa masana ke son a bar wani ɓangare da waken gida, domin marasa juriya su ci gaba da cuɗanya da masu ita. A wuri irin Zakirai, inda kowane taki na ƙasa yake da mai shi, wannan shawara tana buƙatar yardar maƙwabta da bibiyar malaman gona, shekara bayan shekara.