Gidajen Atisaye na Seoul: Yadda Koriya ta Kudu ta Yi wa Duniya Fintinkau a Wasan StarCraft

Daga shekarar 2001 zuwa 2010, duk lambar zinare ta karawar mutum ɗaya da ɗaya a wasan StarCraft: Brood War da aka bayar a gasar duniya ta World Cyber Games, ɗan Koriya ta Kudu ne ya tafi da ita. Shekara goma cur, babu fashi. Wasan kuwa kamfanin Blizzard na Amurka ne ya ƙirƙire shi, kuma ana sayar da shi ga duk mai kuɗin saye daga Toronto har Mosko. Ƙa'idojin iri ɗaya ne a ko'ina, kwamfutocin ma haka. Bambancin ya fito ne daga yadda ake shirya ɗan wasa kafin ya hau fage, kuma tarihin wannan shiri yana da darasi ga duk wanda ya damu da inda ƙwarewa take fitowa.

StarCraft wasan yaƙi ne na dabara da ake buga shi ba tare da jiran layi ba. Kowane ɗan wasa yana zaɓar ɗaya daga runduna uku, Terran ko Zerg ko Protoss, ya haƙo ma'adinai, ya gina sansani, ya tara mayaƙa, ya aika ɗan leƙen asiri, sannan ya kai hari, duk a lokaci guda. Hazo yana rufe duk inda mayaƙansa ba su kai ba, saboda haka dole ya yi hasashen abin da abokin karawarsa yake ƙullawa daga 'yan alamu kaɗan. A Brood War ba a iya zaɓar mayaƙa fiye da 12 a tashi ɗaya, don haka mai babbar runduna sai hannunsa ya yi ta kai-komo ba hutu. Ana auna wannan sauri da yawan umarnin da ɗan wasa yake bayarwa a minti guda, kuma manyan gwanaye sukan wuce 300. Wasa ne da ke neman tunanin mai dara da yatsun makaɗi a jikin mutum ɗaya.

An fitar da wasan a 1998, lokacin da Koriya ta Kudu ke farfaɗowa daga durƙushewar tattalin arzikin Asiya ta 1997. Mutane da yawa sun rasa aiki, gwamnati kuma ta duƙufa wajen shimfiɗa intanet mai sauri. Shagunan kwamfuta da ake kira PC bang suka yaɗu a unguwanni, inda matashi zai biya kuɗi kaɗan ya zauna sa'o'i tare da abokansa. A shekarar 2000 aka kafa hukumar wasannin kwamfuta ta ƙasar, KeSPA, da amincewar ma'aikatar al'adu, tashar talabijin ta OnGameNet kuma ta fara watsa wasannin, daga baya MBCGame ta biyo sahu.

A wannan farkon lokaci tazarar ba ta buɗe ba tukuna. Guillaume Patry, matashi ɗan Kanada, ya koma Seoul ya lashe gasar Starleague a 2000. Bertrand Grospellier na Faransa ya zo na biyu a gasar duniya ta 2001, bayan Lim Yo-hwan, wanda ake yi wa laƙabi da BoxeR. To amma bayan Patry, babu wani baƙo da ya sake ɗaukar kofin Starleague har aka rufe babin Brood War na gasar a 2012.

Abin da ya faru tsakani shi ne shigowar manyan kamfanoni. SK Telecom, KT, Samsung da CJ suka ɗauki nauyin ƙungiyoyi, aka fara gasar ƙungiyoyi ta Proleague a 2003, har rundunar sojin saman ƙasar ta kafa tata ƙungiyar a 2007 domin 'yan wasan da ke hidimar soja ta dole. Kowace ƙungiya tana da gida guda inda 'yan wasanta suke kwana, suke cin abinci, suke atisaye. Akwai ɗakin kwana mai gadaje masu hawa biyu, da ɗakin aiki mai jerin kwamfutoci, da koci mai lura da lokacin tashi da na zama. Atisayen sa'o'i 10 zuwa 12 a rana ba baƙon abu ba ne.

Yawan sa'o'in shi ne abin da aka fi ba da labari, amma abin da ake yi a cikinsu ya fi muhimmanci. Ɗan wasa a Turai yakan shiga intanet ya kara da duk wanda ya samu, yau gwani, gobe ɗan koyo, a kan kowane fili. Ɗan wasan Proleague kuwa yana sanin filin da zai buga tun kwanaki kafin wasa. Sai koci ya ware masa abokan atisaye waɗanda za su kwaikwayi salon abokin hamayya, su buga buɗewa iri ɗaya sau da dama, har a gano a wace daƙiƙa ce ya kamata a gina wani abu, da kuma yawan mayaƙan da za su isa tare wani hari. Tun daga 2001, gyaran da Blizzard ta yi wa wasan ya ba da damar naɗe kowace karawa a sake kallonta daki-daki, don haka kuskuren safe yakan zama darasin yamma. Waɗannan faifai kuma ba sa fita daga gidan, sirrin ƙungiya ne. Masanin halayyar ɗan Adam Anders Ericsson, a binciken da ya wallafa da abokan aikinsa a 1993 kan masu goge a Berlin, ya bambanta maimaici kawai da atisayen da ke nufar wani rauni takamaimai tare da gyara nan take. Gidajen Seoul irin na biyun suka mayar da shi aikin yau da kullum.

Wani abu kuma ya taimaka. Bayan gyaran 2001, Blizzard ba ta sake taɓa ƙarfin rundunonin ba. Ilimin da aka tara bana yana nan da amfaninsa baɗi, sai dai a ɗora a kai. A watan Maris na 2007, Kim Taek-yong, wanda aka fi sani da Bisu, ya doke Ma Jae-yoon da ci 3 da nema a wasan ƙarshe na gasar MSL da wani sabon salon Protoss, alhali kusan kowa ya ɗauka Ma ba ya kayuwa. Cikin ɗan lokaci kowane gida ya warware salon, ya koye shi, ya nemo maganinsa. Baƙon da ke kallo daga nesa yana ganin sakamako ne kawai, kamar mai karanta hukunci ba tare da ya ji shari'ar ba.

Shiga gidan ma sai an sha wuya. Mai son zama ƙwararre sai ya lashe gasar da ake kira Courage kafin ya samu lasisin share fage, sannan ya jira wata ƙungiya ta zaɓe shi. Da yawa sukan ƙare a rukuni na biyu, suna wanke-wanke da shara, suna zama abokan atisayen manya, da albashi kaɗan ko babu. Wannan tankaɗe da rairaya ne ya fitar da irin su Lee Jae-dong da Lee Young-ho, wato Flash, wanda ya lashe Starleague a 2008 yana ɗan shekara 15.

Tsarin yana da nasa farashi. Yara da yawa sun bar karatu domin sana'ar da ba ta cika wuce 'yan shekaru ba, kuma ba a jin labarin waɗanda ba su kai gaci ba. Flash kansa sai da aka yi masa tiyata a hannu a 2011. A 2010 aka bankaɗo badaƙalar sayar da wasa ga 'yan caca, aka kori 'yan wasa 11, cikinsu har da Ma Jae-yoon. Irin wannan badaƙala ta sake kunno kai a zamanin StarCraft II, inda aka kama zakaran duniya Lee Seung-hyun a 2016. A watan Oktoban shekarar KeSPA ta rufe Proleague, yawancin ƙungiyoyin kamfanoni suka watse.

Abin da ya biyo baya ya gwada ko fifikon na jini ne ko na tsari. A watan da aka rufe Proleague, Alex Sunderhaft na Amurka ya lashe kofin KeSPA a cikin Koriya. A farkon 2018 Sasha Hostyn ta Kanada ta ɗauki kofi a Pyeongchang. A Nuwamban 2018 Joona Sotala na Finland, wato Serral, ya doke Kim Dae-yeob da ci 4 da 2 ya zama zakaran duniya, baƙo na farko da ya yi hakan a wannan gasa. Riccardo Romiti na Italiya ya bi bayansa a gasar Katowice ta 2021, Clément Desplanches na Faransa kuma ya yi nasa a Riyad a 2024.

Dalilan sauyin suna da yawa. StarCraft II ya sauƙaƙa sarrafa runduna, kuma ya zo da na'urar da ke haɗa ɗan wasa da tsaransa a intanet, don haka gwani a ƙauyen Finland yana samun abokin karawa na gaske daga ɗakinsa. Watsa wasa kai tsaye ya fallasa abin da a da ake ɓoyewa. Blizzard ta taƙaita shigar 'yan Koriya gasannin sauran yankuna, matasan Turai suka samu kuɗin kyautar da zai riƙe su a sana'ar. A can Koriya kuma sababbin yara sun karkata zuwa League of Legends, inda tsarin gidan atisaye ya koma, inda kuma ƙungiyar T1, magajiyar wadda aka gina a kan BoxeR, take ta lashe kofunan duniya.

Serral bai taɓa zama a gidan ƙungiya irin na Seoul ba, amma abubuwan da gidan yake bayarwa sun iske shi ta wata hanya: abokan karawa masu ƙarfi, faifan da zai duba kuskurensa, da kuɗin da zai ba shi damar mayar da hankali. Brood War kuwa, wanda har yau ake buga gasarsa a Seoul, yana nan a hannun tsofaffin ɗaliban gidajen nan, kuma babu wani baƙo da ya kusanci kofinsa.