Sarki Ibrahim na Damagaram, Ɗan Sulaimana

Yau darasinmu tarihi ne.

In an tambaye ku sarakunan Damagaram, na san sunan da za ku fara kawowa: Tanimun, mai ganuwa da igwa. Wasu su ce Amadu Kuran Daga. To, amma Tanimun yana da wa, sunansa Ibrahim, ya yi kusan shekara 27 bisa gado. Maroƙa ba su cika ambatonsa ba. Shi za mu duba yau.

Ubansu Sulaimana shi ne ya kawo gidan sarauta Zinder. Ibrahim ya gaje shi wajen shekarar 1822. A lokacin nan Damagaram ba ta da girman da ta yi daga baya. Tana ƙarƙashin Barno. Sarki yakan aika da gaisuwa Kukawa, wurin Shehu, kuma Shehu yana da wakili zaune cikin Zinder, yana sa ido. Kudu kuwa ga ƙasashen da ke bin Sakkwato. Arzikin garin hanya ce: ayarin Buzaye da na Larabawa, masu zuwa Kano daga Agadas, a Zango suke sauka.

Ibrahim bai ji daɗin zama a ƙarƙashin wani ba, ƙanensa kuma bai bar shi ya huta ba. A 1841 sarauta ta koma hannun Tanimun. A 1843 Ibrahim ya sake karɓa.

Yanzu ku kasa kunne, nan ne babban labarin. A kula, akwai Ibrahim biyu a cikinsa, kada ku haɗa su. Ɗaya namu na Zinder. Ɗayan kuwa Mai Ibrahim na Barno, jikan tsoffin sarakunan Saifawa. Shi wannan suna kawai ya rage masa, iko duk yana hannun Shehu Umar, ɗan Shehu Laminu.

A 1846 Shehu Umar ya ga Sarkin Zinder ya ƙi biyayya. Sai ya tura rundunarsa yamma, ɗan'uwansa Abdurrahman yana gaba. Kukawa ta zama ba mayaƙa sosai. Mutanen Mai Ibrahim suka ce lokaci ya yi. Suka kira Sarkin Wadai, Muhammadu Sharif, ya zo daga gabas. Shehu Umar ya tare shi a Kuseri da ƴan mutanen da suka rage, aka ci shi da yaƙi. Mutanen Wadai suka ɓata Kukawa. Shehu Umar ya sa aka kashe Mai Ibrahim. Ɗansa Ali, wanda Wadai ta naɗa, shi ma ya mutu a fagen fama cikin shekarar nan. Nan gidan Saifawa ya ƙare, gidan da ya yi kusan shekara 800 yana mulki.

Ba Sarkin Zinder ne ya rushe Saifawa ba, sun daɗe da yin rauni. Amma taurin kansa ne ya janye rundunar Barno daga gida a ranar da aka fi bukatarta.

Akwai wani gefen da ba shi da daɗin ji, amma sai an faɗa. A watan Janairu na 1851 wani Bature ɗan Ingila, James Richardson, ya sauka Zinder, ya yi ƴan makonni. Abokin tafiyar Barth ne, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim. Richardson ya rubuta abin da ya gani kullum. Ya ce hukuncin Sarki yana da tsanani, ana kashe masu laifi a fili. Ya ce bashin fatake ya yi wa Sarki yawa, kuma da bayi ake biya. Yana garin aka fita hari, aka komo da mata da yara a ɗaure. Waɗanda aka kamo ba daga wata duniya suke ba, talakawan ƙauyuka ne na kusa, manoma irinmu. Richardson baƙo ne, ta bakin tafinta yake ji, kuma ya zo ne da ƙin cinikin bayi a ransa. Duk da haka, abin da ido ya gani ya wuce jita-jita. Ya bar Zinder ya nufi Kukawa, bai kai ba, ya rasu a hanya cikin watan Maris.

Cikin shekarar nan ta 1851 Tanimun ya sake hawa gado, bai sauka ba sai da ya rasu a 1884. Shi ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa maƙera suka zuba igwa, abin da wansa bai samu yi ba. Labarinsa sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.