Daga Faris Zuwa Oshogbo: Tarihin Zanen Fuska Mai Kusurwa-Kusurwa

Duk mai leƙa shafukan matasa masu zane a Facebook ko Instagram ya san wani irin hoto da ya yawaita a 'yan shekarun nan: fuskar mutum an yanyanka ta gida-gida, ido ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, hanci na kallon gefe alhali baki na kallonka, rabin fuska shuɗi, rabi ruwan goro. Da yawa daga masu yin sa ba su shiga ajin koyon zane ba, sha'awa ce kawai ta sa suka sayi burushi da fentin akirilik. Wasu na yi musu dariya, wai sun kasa zana mutum daidai ne. Wasu kuma na cewa kwaikwayon Turawa ne tsagwaronsa. Tarihin salon bai goyi bayan ko ɗaya daga maganganun biyu ba.

Sunan salon Kubizim, kuma a birnin Faris aka haife shi. A shekarar 1907 wani matashi ɗan ƙasar Sifen mai suna Pablo Picasso, yana da shekara 25, ya zana wani ƙaton hoto na mata biyar da aka sani da Les Demoiselles d'Avignon. Fuskokin biyun da ke hannun dama sun fi kama da sassaƙaƙƙun fuskokin katako fiye da na mutane. Hoton ya girgiza har abokansa, bai kuma fito bainar jama'a ba sai 1916. Yau yana wani babban gidan adana zane-zane a New York.

Ina ya samo waɗannan fuskoki? A lokacin Faransa na mulkin mallaka a yankuna masu yawa na Afirka, sojoji da 'yan kasuwa da 'yan mishan suna ta kwasar sassaƙe-sassaƙe zuwa Turai. A 1906 mai zane Henri Matisse ya nuna wa Picasso wani ɗan mutum-mutumi na mutanen Vili na yankin Kwango da ya saya a wani shago. A 1907 Picasso ya shiga gidan tarihi na Trocadéro, inda aka jibge irin waɗannan kaya. Abin da ya gani ya nuna masa cewa masassaƙin Afirka bai damu da kwafe fuska kamar madubi ba. Yana iya mai da ido bututu, ya mai da goshi faranti, amma duk wanda ya kalla ya san fuska ce, har ta fi hoto kwarjini. Daga baya Picasso ya mallaki wata fuskar katako ta mutanen Grebo na gaɓar Afirka ta Yamma, wadda ta yi tasiri a kan garayar Turawa da ya haɗa da kwali a 1912.

Sai dai adalci ya sa a faɗi cewa ba Afirka kaɗai ce tushen ba. Akwai tsofaffin sassaƙe-sassaƙen ƙasar Sifen da Picasso ya nazarta, akwai kuma Paul Cézanne, wanda ya rasu a 1906, mutumin da ya riƙa kallon dutse da bishiya da tuffa a matsayin siffofi masu tsari. Wani Bafaranshe, Georges Braque, wanda ya fara da koyon sana'ar mahaifinsa ta fentin gidaje, ya bi sawun Cézanne zuwa garin L'Estaque a 1908, ya dawo da hotunan gidaje kamar an jera akwatuna. Da mai sharhi Louis Vauxcelles ya gan su, sai ya rubuta cewa Braque ya mai da komai 'yan dunƙule-dunƙule masu kusurwa, irin ƙwayar sukarin kwali. Daga wannan ba'a sunan ya fito.

Daga nan har zuwa 1914 Picasso da Braque suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa, har yakan yi wuya a bambance hoton wannan da na wancan. Hujjarsu mai sauƙi ce. Kusan shekara 500 masu zanen Turai suna zana abu kamar mai kallo ya tsaya cak a wuri ɗaya, ya rufe ido ɗaya. Amma ba haka muke sanin fuskar mutum ba. Mahaifiyarka ka gan ta ta gaba, ka gan ta ta gefe, ka gan ta tana sunkuye a kan tukunya, duk waɗannan ne suka taru suka zama fuskar da ke zuciyarka. Su kuma suka ce bari su tara su a kan ƙyalle guda. Kyamara ta riga ta karɓe aikin kwafe kamanni, don haka babu dalilin yin gasa da ita.

A 1910 Picasso ya zana dillalan hotuna uku: Ambroise Vollard, Wilhelm Uhde da Daniel-Henry Kahnweiler. A hoton Kahnweiler, wanda ke Chicago yanzu, mutumin ya kusa ɓacewa cikin gutsattsarin launin toka da ƙasa-ƙasa, sai 'yan alamu aka bari: tajen gashi, ƙullin lakataya, sarƙar agogo, da hannaye a haɗe. A 1912 Juan Gris ya zana Picasso kansa da wannan salo. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya raba tafiyar. Braque ya tafi fagen daga, aka ji masa mummunan rauni a ka a 1915, Kahnweiler kuma da yake Bajamushe ne, gwamnatin Faransa ta ƙwace hotunansa ta yi gwanjonsu. Fuska mai launi rangaɗau da matasanmu suka fi kwaikwayo daga baya ta zo, musamman hoton mace mai kuka na 1937, wanda Picasso ya zana da kamannin Dora Maar.

Ga wani abin mamaki. A daidai lokacin da Picasso ke gudun zanen kamanni yana neman mafaka wajen masassaƙan Afirka, a Legas wani mutumin Ijebu-Ode, Aina Onabolu, yana koya wa kansa zanen kamanni irin na Turawa, daga hotunan littattafai da jaridu, ba malami. Turawan mulkin mallaka na ganin baƙar fata ba zai iya ba, shi kuma ya ƙuduri aniyar ƙaryata su. Hotonsa na Uwargida Spencer Savage na 1906 ne, shekara guda kafin matan Picasso. Sai 1920 ya tafi Landan karatu, ya wuce Faris, ya dawo ya dage har aka sa zane a manhajar makarantu. Kowanne cikinsu yana neman abin da ɗayan ke ajiyewa.

A Zariya aka haɗa hanyoyin biyu. A 1958 ɗaliban zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiya, cikinsu akwai Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Matsayarsu ita ce a ɗauki dabarun da aka koya daga Turai a haɗa da gadon gida. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo. Grillo, ɗan Legas da ya daɗe yana koyarwa a Kwalejin Fasaha ta Yaba, wanda ya rasu a 2021, ya shahara da hotunan mata da makaɗan Yarbawa masu dogayen siffofi da kusurwoyi, cikin shuɗin da ke tuna wa mutum rinin adire.

Amma labarin da ya fi shafar masu zanen sha'awa shi ne na Oshogbo. A 1962 Duro Ladipo, mai wasan kwaikwayo, tare da Ulli Beier suka buɗe kulob ɗin Mbari Mbayo. A 1964 Georgina Beier ta jagoranci wani taron bita a can, aka ba matasan da ba su taɓa karatun zane ba takarda da fenti. Jimoh Buraimoh mai gyaran wuta ne a ƙungiyar wasan Ladipo, ya zo ya shahara da fuskokin da yake ƙawatawa da duwatsun ado. Muraina Oyelami makaɗi ne. Twins Seven-Seven ɗan rawa ne, kuma a 2005 UNESCO ta naɗa shi jakadan zaman lafiya ta fuskar fasaha. Ba takardar shaida ta kai su inda suka kai ba, naci ne da sanin al'adunsu.

Saura batun fenti. Picasso da Braque ba su yi Kubizim da akirilik ba, domin babu shi a lokacin. Da fentin mai suka yi, wanda kan ɗauki kwanaki kafin ya bushe. Akirilik daga ɗakin binciken sinadarai ya fito, daga aikin da Bajamushe Otto Röhm ya fara a 1901. A ƙarshen shekarun 1940 Leonard Bocour da Sam Golden suka fitar da fentin Magna a Amurka, sai a tsakiyar shekarun 1950 kamfanin Henry Levison ya fito da Liquitex, wanda ake dama shi da ruwa. Yadda yake aiki shi ne, garin launi na cikin wani ruwa mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyin roba. Da ruwan ya ƙafe sai ƙwayoyin su manne da juna su zama fata, wadda ruwa ba ya sake narkar da ita.

Wannan ne ya sa akirilik ya dace da salon, ya kuma dace da mai koyo. Cikin 'yan mintoci gida ɗaya ya bushe, ka shafa na kusa da shi ba tare da sun cakuɗe ba, iyakarsu ta fito tsaf. In ka yi kuskure, ka rufe da wani launi. Ba ya buƙatar tina, ba wari, yana kama ƙyalle da katako da kwali. Illarsa ita ce gaggawar: lokacin hunturu yakan bushe tun yana kan burushi, burushin da aka bari ba a wanke ba kuwa ya tashi aiki. Launinsa kuma yakan ƙara duhu bayan ya bushe.

Don haka matashin da ke zana fuska mai kusurwa a Agege ko Sabon Ibadan ba baƙon abu ya ɗauko ba, yana da gado a ciki. Amma gadon na da sharaɗi. Picasso ya ƙware a zanen kamanni tun yana yaro a hannun mahaifinsa, malamin zane, kafin ya fara wargaza fuska. Wanda bai san inda ƙashin kunci yake ba, ba zai san inda zai karya shi ba. A zauna da mutum na gaske, a zana shi ta gaba da ta gefe, sannan a haɗa, maimakon kwafe hoton Dora Maar daga waya.

Abu na ƙarshe, mun san sunan Picasso, mun san na dillalinsa, har da na mai sharhin da ya yi musu ba'a. Masassaƙan da suka buɗe musu ido kuwa, waɗanda suka kwashe ayyukansu ba su damu da rubuta sunayensu ba. Duk wanda ya gama hoto, komai ƙanƙantarsa, ya sa sunansa da shekara a jiki.