BABI NA BIYU: TARIHIN ƘIDIDDIGAR TALAUCI A JIHAR JIGAWA

2.0 Gabatarwa

A wannan babi an bi tarihin alƙaluman talauci da aka fitar game da Jihar Jigawa, domin a ga inda suka samo asali da kuma iyakar abin da za a iya dogara da shi a cikinsu. Wannan yana da muhimmanci saboda gwamnati da ƙungiyoyin agaji kan duba su wajen rabon tallafi, 'yan siyasa kuma kan kafa hujja da su.

2.1 Kafin Ƙirƙiro Jihar

An ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991. Saboda haka binciken da Ofishin Ƙididdiga na Tarayya ya gudanar a 1980 da 1985 bai ware ta ba, domin a lokacin Dutse da Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim duk a cikin lissafin Kano suke. A matakin ƙasa, alƙaluman ofishin sun nuna matalauta kashi 46.3 cikin ɗari a 1985, da kashi 42.7 a 1992, da kashi 65.6 a 1996.

2.2 Daga 2004 Zuwa 2019

Binciken 2003/2004 ya sanya Jigawa a gaban dukkan jihohi da kashi 95 cikin ɗari, alhali na ƙasa baki ɗaya kashi 54.4 ne. Ma'aunin da aka yi amfani da shi shi ne, duk wanda abin da yake kashewa bai kai kashi biyu cikin uku na matsakaicin abin da mutum guda ke kashewa a ƙasar ba, to matalauci ne.

A binciken 2009/2010, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar, Sakkwato ce ta hau gaba da kashi 86.4, wato Jigawa ta sauko ƙasa da haka. Sai dai daga baya Bankin Duniya ya nuna cewa binciken bai kama dukkan abin da gidaje ke ci da kashewa ba, ya kuma fitar da ƙiyasin ƙasa na kashi 33.1 na 2012/2013 daga wani binciken dabam.

A binciken 2018/2019 an sauya ma'auni, inda aka tsayar da layin talauci a kan N137,430 ga mutum guda a shekara. Sakamakon ya ba Sakkwato kashi 87.73, Taraba 87.72, Jigawa 87.02, ƙasa baki ɗaya kuma kashi 40.1, ban da Borno.

2.3 Dalilan Rashin Tabbas

Da farko, ba ƙidayar gida-gida ake yi ba. A 2018/2019 gidaje kimanin 600 aka tsara zaɓa a kowace jiha, ga shi kuwa ƙidayar 2006 ta ba Jigawa mutum fiye da miliyan 4.3. Idan aka yi lissafi, adadin kashi 87 da aka samo daga gidaje 600 zai iya ƙaruwa ko raguwa da kusan maki 3. Tazarar tana iya wuce haka, domin gidajen goma-goma ake ɗauka daga yanki guda, maƙwabta kuwa sukan yi kama da juna wajen samu da rashi. Ke nan bambancin da ke tsakanin Sakkwato da Taraba da Jigawa, wanda bai kai maki ɗaya ba, bai isa a ce wannan ta fi waccan talauci ba.

Na biyu, yawancin mutanen jihar manoma ne da ke cin abin da suka noma. Dole mai bincike ya ƙiyasta kuɗin geron da aka ɗebo daga rumbu, farashinsa kuwa da kaka dabam yake da na tsakiyar damina. Haka kuma magidanci kan ɓoye samunsa, ko don kara, ko don tsoron haraji, ko don sa ran tallafi.

Na uku, tunda ma'auni da tambayoyi sun sauya, ba a jera kashi 95 na 2004 da kashi 87.02 na 2019 a ce talauci ya ragu da maki 8. Yin haka tamkar auna hatsi ne da tiya yau, gobe da mudu, sannan a kwatanta.

2.4 Naɗewa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa bincike daban-daban, da ma'auni daban-daban, sun haɗu a kan abu guda: mafi yawan al'ummar Jigawa suna ƙasa da layin talauci. Wannan shi ne abin da za a iya riƙewa. Amma matsayin jihar a jerin jihohi, da hawa ko saukar 'yan maki tsakanin bincike da bincike, ba su da ƙarfin da za a yaba wa wata gwamnati ko a zarge ta da su. A babi na gaba za a duba sana'o'in mutanen jihar da hanyoyin samunsu.