Daga Ƙaho Zuwa Lissafi: Tarihin Na'urar Ƙara Ji da Matsayinta a Ƙasar Kazaure

1.0 Gabatarwa

Bahaushe na cewa in kunne ya ji, gangar jiki ta tsira. Wannan takarda za ta dubi halin wanda kunnen nasa ya gaza, da kuma na'urar da aka ƙera domin taimaka masa. Za a bi tarihin na'urar daga ƙaho zuwa wadda ke sarrafa sauti da lissafi, sa'an nan a auna amfaninta ga mutanen Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa. Ra'ayin takardar shi ne, ƙwarewar na'urar ta yi nisa, amma ba ta da amfani sai an daidaita ta da kunnen mai ita da harshen da yake ji.

2.0 Matsalar ji a ƙasarmu

Tun kafin zuwan Turawa Hausawa sun bambanta kurma da bebe, sun kuma tanadi maganar hannu, har a Kano akwai sarautar Sarkin Bebaye. Abin da ba a samu ba shi ne hanyar maido da jin. Cututtukan da ke kashe kunne kuwa sanannu ne, watau sanƙarau da ƙyanda da hangum da ciwon kunne mai zubar da mugunya, ga kuma tsufa da ƙarar injuna. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu, kuma Jigawa na cikin jihohin da ta shafa. Daga cikin waɗanda suka tashi akwai waɗanda suka tashi ba ji.

Ta fannin ilmi, an buɗe makarantar Tudun Maliki a Kano a 1977, shekarar da aka kafa kwalejin horar da malaman ilmi na musamman a Oyo. A 1999 aka kafa Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Mutumin Gwiwa da ke son a auna masa kunne, galibi sai ya yi tafiya zuwa ɗaya daga cikin manyan birane.

3.0 Matakan da na'urar ta bi

Mataki na farko shi ne ƙaho, wanda ke tara sauti kamar yadda mutum kan kifa tafin hannu a bayan kunne. A 1800 wani mai suna Rein ya buɗe shagon ƙera irinsa a Landan. Bayan da Bell ya fito da wayar tarho a 1876, sai Hutchison na Amurka ya ɗauki dabarar ya ƙera na'urar lantarki a 1898. A shekarun 1920 aka shiga amfani da kwalaben lantarki irin na tsofaffin akwatunan rediyo, masu ƙarfi amma masu nauyi. An ƙirƙiro tiransista a 1947, a 1952 kuma ta shiga na'urar ƙara ji, abin da ya sa ta ƙanƙance har daga baya ta koma bayan kunne.

Duk waɗannan aibinsu ɗaya ne: akasari abin da ya shigo shi suke ƙarawa, da magana da hayaniya. Kurumta kuwa ba haka take ba. Mai raunin jijiyar kunne ba ya jin ƙaramin sauti, amma babban sauti yana damunsa kamar kowa, ko ma fiye. Shi ya sa tsoho kan ce a ɗaga murya, in an ɗaga kuma ya ce ana yi masa tsawa. An gwada na'urar lissafi da ake ratayawa a jiki a 1987, ba ta karɓu ba. Sai a 1996 na'urorin kamfanonin Widex da Oticon na ƙasar Danmak suka shiga kasuwa, waɗanda aikinsu duka na lissafi ne, kuma a kunne ake sa su.

4.0 Yadda lissafin ke aiki

Makirufo ya ɗauki sauti, sai a auna shi sau dubbai a cikin daƙiƙa guda, a mai da shi lambobi. Ƙaramar kwamfuta ta gyara lambobin, a sake mai da su sauti, duka cikin ɗan lokacin da mai sauraro ba ya lura da shi. Ayyuka huɗu ne suka fi muhimmanci.

Na farko, ana kasa sauti rukuni-rukuni, daga mai kauri zuwa siriri, a ƙara wa kowane rukuni gwargwadon abin da kunnen ya rasa. Ƙaramin sauti a ɗaga shi sosai, babba a taɓa shi kaɗan. Na biyu, rage hayaniya. Magana tana hawa da sauka, ƙarar janareta ko injin niƙa kuwa a miƙe take, da haka na'urar ke gane ta ta rage. Amma hayaniyar kasuwa ita ma magana ce, don haka wannan dabara ba ta cika tasiri a can ba. Na uku shi ne makirufo biyu, na gaba da na baya. Sautin da ya fara isa na gaba, an san daga gaba ya fito, sai a fifita shi. Wannan ne ke taimakon ɗalibi a aji da mai ciniki a kasuwa, muddin suna fuskantar mai magana. Na huɗu, kashe fito. Sautin da ya tsere daga kunne ya koma makirufo shi ke haifar da fiton nan mai ban kunya, kuma rawani ko mayafi da ya rufe kunne yana ƙara shi. Na'urar zamani tana gano shi, ta ƙirƙiri kishiyarsa ta soke shi.

5.0 Na'urar da harshen Hausa

Kurumtar tsufa da ta ƙarar inji sirarun sautuka take fara ci. A Hausa su ne irin su s da sh da ts da f. Mai wannan larura yana jin wasula, amma sara da shara da tsara sai su zame masa kalma guda. Wani dattijo da na sani a Roni, 'ya'yansa sun saya masa abin sawa a kunne a kasuwa ba tare da awo ba. Kwana kaɗan ya cire ya ajiye, ya ce duniya ta cika ƙara amma magana ba ta fito ba. Gaskiya ya faɗa, domin an ƙara masa abin da yake ji ne, ba abin da ya rasa ba.

Bugu da ƙari, ƙa'idojin lissafin da aka fi daidaita na'urori da su, a Ostireliya da Kanada aka tsara su, a ƙasashen masu jin Ingilishi. Hausa kuwa tana rarrabe ma'ana da karin sauti da tsawon wasali, tana da ɓ da ɗ da ƙ. Gari na zama da garin tuwo ba a bambanta su da baƙi. Wajibi ne a gwada mai na'urar da kalmomin da ke ɗauke da waɗannan siffofi, kuma masana harshe ne za su zaɓo su.

6.0 Kammalawa

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya nuna mutum miliyan 430 ne ke bukatar taimako a kan ji, kuma kaɗan ne daga cikin masu bukatar na'urar ke amfani da ita. A ƙasarmu, ban da tsada, akwai ƙurar hunturu da gumin bazara, ga batir da ke ƙarewa cikin 'yan kwanaki, ga ƙarancin wutar caji. Saboda haka takardar na ba da shawara uku. A riƙa auna kunnen yara a shekarar shigarsu firamare. Kwalejojin ilmi su koya wa kowane ɗalibin malanta duba na'urar da kuma maganar hannu, tun da akwai kurumtar da na'urar ba ta isa gare ta. Sassan Hausa kuma su haɗa kai da likitocin kunne su tsara jerin kalmomin gwaji da kowane asibiti zai yi aiki da shi. Wannan na ƙarshe aikinmu ne, mu da ke zaune a wannan zaure.